Katifar Ƙafa

Babana ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma shekara ashirin da ɗoriya ana kiransa Dokta. Ba kuma da zolaya ba. Na sha ganin mata masu aikin ofis, da jaka da tabarau, sun tsaya gaban rumfarsa sun rage tsawo sun ce, "Dokta, ina kwana?" Shi kuma ya amsa da ƙusoshi uku a baki, ko gezau, sai ka ce da sunan aka haife shi.

Sana'arsa ta gaskiya gyaran takalma ce. Rumfar tasa kwano huɗu ce da aka jingina da bangon shagon wani tela, a bakin titin da motocin haya ke juyawa. A ciki akwai benci ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tallafa da bulo, da akwatin basilla da zare, da ƙarfen nan da ake kifa takalmi a kai a buga masa ƙusa, da gwangwanin gam wanda warinsa ya kama rigunansa har sabulu ya gaji ya sallama. A bayansa kuma tulin takalman da masu su suka kawo suka manta, wasu tun ina goye. Bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ya ce ranar da ka zubar, ranar mai shi zai zo.

Baba ba ya kallon fuska. Idan ka yi masa sallama, ƙafarka yake amsa wa. Ya san mai jan ƙafa don ƙasaita da mai jan ta don ciwon baya, ya san wanda ya zo a mota da wanda ya sha tafiya sannan ya tsaya a kwana ya goge ƙura. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe shi, na laɓe a shagon tela ina jiran in ji wace tambaya za a yi masa. Ba a yi masa ko ɗaya ba. Baba ya ce ya cire takalminsa, ya juya ya duba ƙasansa, ya mayar masa. Da ya tafi ya ce da ni, "Dunduniyarsa biyu sun ci daidai. Ba shi da kwana-kwana." A kan wannan binciken aka ba ni miji. Tsakani da Allah kuma bai yi kuskure sosai ba.

Doktancin kuwa tsuntsu ne daga sama gasasshe. Wata rana matar wani mai kantin magani ta kawo takalmin ɗanta, ƙusa ta ɓullo ta ciki. Tana jira tana ba tela labari cewa yaron duk yamma sai ya yi ta kukan ƙafafu, ƙwauri da sharaɓa, an sha magani har an gaji. Baba ya danne ƙusar, sannan don kada ta sake ɓullowa ya yanki wani tsohon silifa, ya fere shi, ya shimfiɗa a ciki. Don kada ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ya yi wa ɗayan ma. Bayan sati uku yaro ya daina kuka. Matar nan kuwa irin matan nan ce da in sun san abu, to rediyo ya huta. Kafin wata ya ƙare an fara layi. Ka tuna kuma mijinta magani yake sayarwa, wato shaidar daga gidan abokan gaba ta fito. Shi mijin sai da ya shekara ba ya gaishe da Baba.

Baba bai musa ba. Wa zai ƙi? Ya raɗa wa abin suna katifar ƙafa, ya ƙara masa fata mai laushi a sama, ya ɗan tada tsakiyarsa daidai ramin tafin ƙafa. Ya sayi tabarau a bakin titi, ba don gani ba, don ya riƙa sauke shi kan hanci in zai yi magana. Mamarmu, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ce ba ta taɓa karɓar muƙamin ba. In aka biyo shi gida aka ce ana neman Dokta, sai ta ce, "Wa? Au, mai warin gam? Yana rumfa."

Sannan ya kafa doka. Ba a aiko takalmi, sai an kawo yaro. Idan an kawo shi, Baba zai sa a tsayar da shi can wajen turken wutar lantarki, ya ce ya tako zuwa benci, ya ce ya koma da gudu. Sai ya sauke tabarau ya yi wa uwar tambaya uku, kullum su ne, ba sa canzawa. Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? Da yamma take ciwo ko har da safe? Da rana yana wasa? In aka ce duka biyun, da yamma, kuma da rana ba mai iya kama shi, sai Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano babban sirri, ya tsayar da yaro kan kwali ya zagaye ƙafarsa da fensir. In kuwa aka ce ƙafa ɗaya, ko ya ga yaro na ɗingishi, ko gwiwa ta kumbura, sai ya ture takalmin da bayan hannu ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. A kai shi asibiti." Ko uwar za ta yi birgima a ƙasa ba zai taɓa ba.

Ka ga ke nan likita ne da ba ya karɓar marar lafiya. Dole a ce bai taɓa faɗuwa ba.

Yana kuma haɗa katifar da sharaɗi. Wai ba ta aiki sai an gasa ƙafar da ruwan ɗumi kafin a kwanta, an shafa mai an matsa, kuma uwa ce ko uba zai matsa da hannunsa, ba wani ba. Ta haka maza da yawa a unguwar nan, waɗanda ba su san ajin da 'ya'yansu suke ba, suka samu kansu a tsugune da ƙafar yaro a cinya saboda Dokta ya ce.

Ni ce na yi karatu a gidanmu har na zama malamar firamare, kuma ɗan karatu yana sa ƙaiƙayin baki. Na karanta a wani littafin lafiyar yara cewa irin wannan ciwon, wanda mutane ke cewa girma ne, zuwa yake ya tafi da kansa, da katifa ko ba katifa. Ban iya riƙewa ba. Na je rumfa na tsaya masa a ka na ce, "Baba, ka san dai ciwon nan da kansa yake tafiya ko?"

Bai ɗago ba. Ya ciji zare ya tofar. "To, Malama, na ji. Da kansa yake tafiya. Shi baƙo in zai tafi ba a raka shi ne?"

Tela ya yi dariya har ɗinkinsa ya kauce layi. Tun daga wannan rana, sunana ya koma Malama a bakin Baba, kuma yadda yake jan sunan, kai ka san ba yabo ba ne.

Bari in faɗi nawa laifin tun daga tushe. Mu 'ya'yan Baba ba mu taɓa sa sabon takalmi ba. Na gwanjo yake sayo mana, ya yi ta faci a kan faci. Takalmin da na gama firamare da shi, ban da igiyarsa, babu abin da ya rage na kamfanin da ya yi shi. Amma kuma ba mu taɓa sa yagagge ba. Duk yamma sai mun jera takalmanmu a bakin ƙofa ya bi su ɗaya-ɗaya, wanda ya cinye nasa ta gefe ya sha faɗa har maƙwabta su ƙaru. A makaranta ana ce min 'yar shumeka. Na yi wa kaina alkawari biyu: 'ya'yana sabo za su sa, kuma Baba ba zai sake samun abin cewa a kan takalmin da ya fito daga hannuna ba. Har na yi aure na haihu, in zan je wurinsa sai na tsaya na zaɓi takalmi kamar mai zuwa neman aiki.

'Yata ta fari shi ya raɗa mata Barewa, don tun da ta iya tsayuwa ba ta ga amfanin tafiya ba in dai ana iya gudu. In ka aike ta, ta je ta dawo kafin ka tuna sauran saƙon. Tana ce masa Tsoho, yana ce mata mai cinye takalmi, kuma suna son juna fiye da yadda kowannensu ke sona. Na sani, ban kuma damu ba.

Tana shekara bakwai ta fara cewa ƙafarta na ciwo. Na ce girma ne. Ni fa na karanta littafi. Muna zaune can ɗaya ƙarshen gari, bas biyu tsakaninmu da rumfar Baba, ga jarrabawa ta matso, ga jariri a hannu. Mijina direban motar kamfanin ruwan sha ne, kullum da safe ta gaban rumfar yake wucewa. Shi ya ce, "Ki ba ni takalminta mana Baba ya yi mata katifa. Kowa na morewa sai mu?"

Na ce, "Ai sai an kai yaro."

"Wannan dokar ta baƙi ce. Mu 'yan gida ne."

Na ɗauko takalminta na makaranta, wanda na saya mata farkon zango. Ina duba shi gabana ya faɗi, ba don 'yata ba, don kaina. Na hagun ya ci ta gaba har ya fara buɗe baki. Nan take na ji muryar Baba a kunnena: Malama guda, da albashi, 'yarki na yawo a wannan? Na tura shi bayan ƙofa da ƙafa. Na buɗe akwati na fito da sabon da na saya mata na fita unguwa, wanda sau biyu kacal ta taɓa sawa, na goge shi na sa a leda.

Da yamma ya dawo da katifa a ciki, ta fata mai kyau, har da ɗinkin ado a gefe wanda Baba ba ya yi wa 'ya'yan mutane. Na zare katifar na sa a tsohon takalmi, na mayar da sabon akwati.

Ciwo bai tafi ba. Bayan wata ɗaya na sake aikawa, na ce a ƙara kauri. Bayan wani watan na sake. Sabon takalmin nan ya yi tafiya a motar ruwa fiye da yadda ya yi a ƙafar mai shi. Ni da na yi wa Baba lacca cewa katifa ba ta maganin komai, ni ce nake neman ƙari, don ƙarin ya fi layin asibiti sauƙi.

Barewa ta daina gudu. Na lura sarai. Abin da na ce shi ne, "Yarinyar nan ta fara hankali." Har maƙwabciyata na faɗa wa, ina wani alfahari. Da na ga tana ɗan karkata in na aike ta, na ce lalaci ne da neman a tausaya mata. Wata rana na daka mata tsawa na ce ta miƙe ta yi tafiya irin ta mutane. Ta miƙe kuwa, ta yi. Wannan tsawar har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Mijina ne ya tona asiri, kuma bai san ya tona ba, don bai san da akwai abin tonawa ba. A karo na huɗu na fita da wuri, Barewa ta biyo ni sanye da kambas don ranar motsa jiki ce a makarantarmu. Ina ƙofa na ce masa ya ɗauki takalminta ya kai wa Baba. Ina nufin wanda na bari a kan akwati. Shi kuwa, mutumin da ba shi da kwana-kwana, ya ɗauki wanda ya saba gani a ƙafarta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina tsakiyar koya wa 'yan aji huɗu lissafi sai na ji ajin ya yi tsit, ido duk ya koma ƙofa. Baba ne, da ƙyallen da yake ɗaurawa a gaba duk busasshen gam, da takalmi a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin ya bar rumfa da rana tsaka ba. Ranar da aka haifi ƙanina ma sai da ya gama dunduniyar da ke hannunsa. Daga baya tela ya ba ni labari cewa mata uku na jira da 'ya'yansu lokacin da Baba ya buɗe ledar. Ya juya takalmin, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya bar gwangwanin gam a buɗe. Ɗaya ta ce, "Dokta, mu fa?" Ya ce, "Ku je gida, yau babu likita. Da ma can babu."

A ƙofar ajin ko sallama bai yi ba. "Ina yarinyar?"

"Baba, ina cikin aji."

"Na ga ajin. Ina yarinyar?"

Na fito baranda. Ya miƙo min na hagun, ƙasansa a sama. "Karanta, tun da ke ce mai karatu."

Ban ga komai ba sai tsohon takalmi. Ya ɗora yatsa a dunduniya. Zanen kamfani na nan raɗau, ko gogewa bai yi ba. Ya matsar da yatsan gaba, inda roba ta cinye har ta huje. Ya ce, "Na daman ya ci ko'ina, yadda ya kamata. Wannan kuwa gaba kawai. Wata nawa yarinyar nan ba ta taka dunduniyarta a ƙasa ba?"



Aka kira Barewa daga aji biyu. Ta gan shi ta washe baki ta ce, "Tsoho!" amma ba ta rugo ba. Ya ɗaga mata hannu ya ce ta tsaya can, ta tako. Ta tako tana kallona, tana ƙoƙarin yin tafiya irin ta mutane. Kafaɗarta na faɗawa hagu a kowane taku. Baba ya yi tambayoyinsa uku, kuma ita ya tambaya, ba ni ba. Ta ce ƙafa ɗaya. Ta ce har da safe. Wasa kuwa, ta ce ita ce mai riƙe wa ƙawayenta jaka.

Ya durƙusa ya juya mata baya. Mutumin da ya haura shekara sittin da biyar, ya goya ta har tashar bas, ni ina biye da alli a hannu na manta ban ajiye ba.

A asibiti mun yi awa huɗu a benci. Baba ya gama nazarin ƙafar duk wanda ke wurin, har ya raɗa min cewa mai gadi yana da ciwon baya bai sani ba. Da wata nas ta leƙo ta ƙwala kira, "Dokta!" sai ji na yi an ce "Na'am" a gefena. Na ce, "Baba, ba kai ba." Ya ce ai ya sani, baki ne ya saba. Ita kaɗai ce dariyar da na yi ranar, ita ma ba ta ƙarasa fita ba.

Likitar wata siririya ce da ba ta kai ni shekaru ba. Ta kwantar da Barewa, ta lanƙwasa gwiwa ba a ce komai ba, ta murɗa cinyar kaɗan sai yarinya ta yi ƙara. Aka yi hoton ƙashi. Ta ɗaga shi a haske ta nuna mana. Ciwon ba a tafin ƙafa yake ba, ba a gwiwa ba, can sama yake, inda kan ƙashin cinya ke shiga ƙugu. Jini ba ya isa wurin yadda ya kamata, ƙashin ya yi laushi, kuma duk takun da yarinya ta yi danne shi take yana bajewa. Wato wata uku muna shimfiɗa katifa a ƙasa, rufi na zuba a sama.

Likitar ta ce, "Tun yaushe take ɗingishi?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na gwada. Na ce, "Kamar wata biyu."

"Biyar," in ji Baba. "Ko huɗu da rabi." Ya ɗora takalmin a kan teburinta, a kan takardu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ɗauka ta juya, ta duba dunduniya, ta duba gaba, ta daɗe, sannan ta dube shi.

"Baba, aikin me kake yi?"

Na kasa kunne in ji. Ya ce, "Gyaran takalma."

Ta ce da mun zo da wuri da abin ya fi sauƙi, da kuma mun ƙara wata uku da wata maganar ake yi. Za a yi aiki, za a hana ta taka ƙafar, sai da sanduna, shekara ko fiye. Ƙafar za ta warke, amma ba ta yi alkawarin za ta kai 'yar'uwarta tsawo ba.

Shekara ɗaya da wata bakwai aka yi ana jinya. Ba zan ba da labarinsu ba, don ba labarina nake bayarwa ba, kuma har yanzu ba na son warin asibitin.

Baba ya daina katifa. In aka kawo yaro har yanzu sai ya sa shi ya tako daga turke, ya yi tambayoyinsa, sannan ya ce, "Girma ne, ki je ki matsa masa ƙafa," ya sallame su hannu wofi. Mata suka ji haushi. Wa zai baro aikinsa ya zo a ce masa ya je ya matsa ƙafa? Aka ce Dokta ya tsufa, aka ce ya sayar da sirrin. Wani a tsallaken titi ya buɗe nasa, da soso kala-kala, ba ya tambayar kowa komai, layi ya koma can. Sunan ya riƙa zubewa har ya rage tela kaɗai ke kiransa Dokta, shi ma don tsokana.

Duk ƙarshen wata kuwa sai ga Baba a gidanmu, shi da bai san hanyar gidan kowa ba. Ya zo da guntun tayar mota, ya zauna a ƙasa ya canza robar gindin sandunan Barewa, yana ce mata an hana ta cinye takalmi ta koma cinye sanda. Ita kuma ta ce ai robar tasa ce ba ta da ƙwari. Ni kuwa faɗa nake jira. Na shirya masa, na ma ƙosa ya zo. Mutumin da ke iya tara maƙwabta a kan igiyar takalmi, a kan ƙafar jikarsa bai ce min uffan ba. Ya amsa gaisuwata, ya sha ruwa, ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ranar da aka karɓe sanduna, likitar ta auna ƙafafun biyu. Ta hagu ta gaza da rabin inci. Ta ce ba abin tashin hankali ba ne, amma in aka bar shi haka bayanta zai karkace a hankali. Sai an ɗaga dunduniyar hagu daga cikin takalmi, rabin inci daidai, ba ƙari ba ragi, a duk takalmin da za ta sa. Ta rubuta a takarda. Ta fara kwatanta min inda ake yi a cikin gari, sai kuma ta tsaya ta ce, "Ko da yake ai kuna da mai yi."

Na je rumfa da takardar, da takalmin, da yarinyar. Barewa ta shige shagon tela tana tsintar ƙyallaye. Na karanta wa Baba takardar. Ya saurara har ƙarshe, bai miƙo hannu ba.

Ya ce, "A kai wa masu yi."

"Likitar ce ta ce kai."

"Ni na daina."

Sai maganar da na riƙe kusan shekara biyu ta fito, a tsaye, a bakin titi, motoci na ta hon. Na ce, "Baba, ba laifin katifarka ba ne. Ni ce. Sau uku ina aiko maka sabon takalmi da gangan. Tsohon na ɓoye shi bayan ƙofa don kada ka ce na bar 'yata a yagagge. Da ka gan shi tun farko da..."

"Na san sabo ne."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Malama, shekara hamsin ina wannan aiki. Takalmin da ba a taka ba ko ido a rufe na san shi. Na kuma san Barewa ba ta barin takalmi ya yi wata uku da ransa." Ya ɗauki guduma, ya ajiye ta. "Da aka kawo, a nan na ɗora shi, kan bencin nan, yini guda. Duk wanda ya zo sai na nuna masa. Na ce na jikata ne, uwarta malama ce, ba ta sa mata gwanjo. Sau uku kina aikowa, sau uku ina nunawa. Tambayi tela. A karo na biyu zuciyata ta ce ka sa a kawo yarinyar nan. Na ƙi. Ni ban taɓa saya miki sabo ba. Da na ga sabo ya fito daga gidanki, sai idona ya rufe."

Tela, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ranar ƙarar keken ɗinkinsa kawai ake ji.

 Tausayinsa ya kama ni, da haushinsa, da haushin kaina, na rasa wanda zan fara da shi. Can ya miƙo hannu ya karɓi takalmin. Ya jawo fata da roba, ya ɗauki wuƙa, ya mayar ya ajiye. Ya juya ya ƙwala wa tela kira ya ce ya ara masa tef ɗin awo.

Tela ya leƙo ya ce, "Kai? Awo? Ina idon naka?"

Baba ya ce ya kawo kawai.

Ya auna rabin inci a jikin robar, ya yi alama da fensir.  Ya miƙo min ya ce, "Duba min, ke kin iya lamba."

Na duba. Rabin inci ne cif. Na ce masa daidai ne, amma sai da ya sake aunawa kafin ya sa wuƙa.